Bangon Da Ke Bayan Kabad

"Kai malam, gidana ka zo saye ko zagina ka zo yi?"

Mai gidan yana tsaye a ƙofar banɗaki ya yi wannan tambayar, makullai a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma tuni ya fara nuna musu hanyar waje. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Gida na tara ke nan da suka duba cikin mako biyar, kuma ta riga ta san yadda kora take farawa, don sau uku ana yi musu ita.

"Ranka ya daɗe, wallahi ba zagi ba ne," in ji Mai Famfo, yana durƙushe a bayan masai kamar wanda aka kira aiki. "Cewa na yi wanda ya ja maka bututun nan ya cuce ka. Ya haɗa ruwan wanka da na masai a hanya ɗaya, kuma bai ba shi gangara ba. Wannan ai aika-aika ce."

"Ni na ja shi," in ji mai gidan. "Da hannuna."

Gwaggo, ƙanwar Baba mahaifin Auta, wadda aka haɗa su da ita don ta zama idon gida a wannan yawon, ta gyara mayafinta ta ce, "To ku taso mu tafi tun da sauran mutuncinmu."

Suka fito suka shiga tsohuwar bas ɗin aikinsa, shi a gaba, su biyun a kujerar baya, bututu da guntayen ƙarafa suna ƙara a bayansu duk ramin da aka faɗa. Auta ta cika ta yi fam. Ta juya fuskarta wajen taga, ta ƙi ko kallon madubin da yake satar kallonta ta ciki.

Mai Famfo duk gidan su Auta suke ce masa, tun ranar da ya zo gyaran tankin ruwansu shekara biyu da suka wuce, ya sauko daga tsani ya gan ta ya manta sifanarsa a sama. Ita kaɗai ke ce masa Injiniya, shi ma sai rai na da daɗi. Shi kuma Likita yake ce mata, saboda a kantin magani take aiki.

Baba ba ƙinsa yake yi ba. Amma Baba ya taɓa tsayawa a bakin titi yana kallon kayan babbar 'yarsa, katifa da kujeru da tukwane, mai gidan haya ya watso su waje ana yayyafi, ita kuma tana tsaye da jaririn sati uku a kafaɗa. Tun ranar ya rantse ba zai ƙara kai 'ya gidan haya ba. Da maganar Auta ta taso sai ya kira Mai Famfo ya ce, "Na ba ka kwana arba'in. Ka kawo mini takardar gida da sunanka a jiki, na ba ka ita. In ba ka kawo ba, ka yi haƙuri, akwai mai jira."

Mai jiran kuwa kowa ya san shi. Ciyaman ne, shugaban ƙungiyar dillalan gidaje na garin, kuma abokin Yaya, babban wan Auta. A makon farko duk dillalin da Mai Famfo ya kira sai ya amsa da fara'a, washegari kuma ya ce, "Kash, ai jiya-jiya aka sayar." Sai da wani dattijo a cikinsu ya ji tausayinsa ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, daina kashe takalminka. An ce ko kejin kaza kada a nuna maka."

Shi ya sa suka fito nema da kansu. Kullum ta tashi aiki ƙarfe biyu, sai su bi unguwanni layi-layi, suna tambayar masu aski da masu kanti da masu wanki, suna karanta duk allon da aka rataya a ƙofa. Shi yana da tasa dabarar. Idan ya ga famfon ƙofar gida ya yi tsatsa, kwatar gidan ta bushe ƙayau, ya san ba kowa a ciki, sai ya shiga neman mai shi. Ta nan dai ba a fi shi ba.

Matsalar ita ce bakinsa. Ashe aikin dillali ba nuna gida kaɗai ba ne. Mai saye zai ce gidan nan ai kango ne, dillali ya je ya ce wa mai gida, "Ya yaba ƙwarai, ɗan ragi kawai yake nema." Mai gida zai ce wannan matsiyacin ba ya da kuɗin, dillali ya dawo ya ce, "Yana gaishe ka, ya ce ku ƙara kaɗan." To su ba su da mai tace musu magana. Abin da idon Mai Famfo ya gani, shi bakinsa zai faɗa a gaban mai gida, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

"Likita," ya ce a hankali da suka tsaya a danja. "Fushi kike yi?"

"A'a, murna nake yi. Ba ka ga ina rawa ba?"

"Warin fa har falo yake zuwa. Ke ma kin ji."

"Na ji! Gwaggo ma ta ji! Amma wa ka ji ya buɗe baki? Saura kwana uku, Mai Famfo. Kwana uku! Wancan ka ce masa tankinsa gidan ƙwaro ne. Matar nan ka ce mata kicin ɗinta zai kashe mutum. Yau ka ce wa dattijo ya cuci kansa. Kai gida kake nema ko gaba?"

Da ya ji ta kira shi da sunan da 'yan gidansu ke kiransa, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya sosa ƙeya ya ce, "To ya kike so in yi?"

"Ka yi shiru. Shi ke nan abin da nake roƙo. Gida na gaba da za mu shiga, ka sa hannayenka a aljihu, ka rufe bakinka, ni zan yi magana. Ka yi mini alkawari."

"Ko na ga wani abu?"

"Ko ka ga rufin yana faɗowa."

Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Ai gara ki ce ya daina numfashi, zai fi masa sauƙi."

Ya daɗe yana kallon titi. Na baya suka fara danna masa ham. Sannan ya ce, "Na yi alkawari."

Washegari da hantsi tana jera kwalaben magani sai ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Ba sai ta ɗago ba. Ciyaman ne, ya jingina da kantar shagon yana juya makullin mota a yatsa.

"Ƙanwata, ina kwana. An ce jiya ma an sake raka ku zuwa ƙofa."

"Me za a ba ka?"

"Maganin ciwon zuciya, in kuna da shi." Ya yi murmushi. "Ni wallahi tausayinki nake ji. Kina yawo cikin rana a motar bututu, kamar ba ki da gata. Sayen gida ba sayen kan famfo ba ne. Akwai dalilin da ya sa ba a haɗa mai saye da mai sayarwa fuska da fuska."

"Akwai kuma dalilin da ya sa duk dillalan garin nan suka kurumce rana ɗaya."

"Kowa da kasuwarsa." Ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai gida huɗu ne a hannuna yanzu haka, ki zaɓi wanda ya yi miki. Jibi zan zo gaishe da Baba. Yaya ya ce in zo da wuri."

Ya fita ya bar ta da ƙamshinsa da ɗacin rai. Abin da ya fi ƙona mata zuciya shi ne, a maganar fuska da fuska ɗin nan bai yi ƙarya ba. Ta shiga bayan kantar ta share hawaye da gefen mayafi.

"'Yata, wa ya taɓa ki?"

Malama ce, tsohuwar malamar makaranta da ke zuwa sayen maganin ciwon gwiwa duk wata. Auta ta so ta ce ba komai, amma bakinta ya riga ta. Ta zayyana mata komai, daga wa'adin Baba har korar jiya.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ikon Allah. Ni kuma nawa gidan nake son sayarwa, in koma wajen ɗana. Dillalai na ba, wata uku suna kawo mini mutanen da ko gaisuwa ba su iya ba, suna leƙa mini har ƙarƙashin gado. Makon jiya na ce kowa ya kama gabansa. Ku zo yau ku gani."

Ƙarfe uku suna ƙofar gidan. Kafin su sauka Auta ta kalle shi ta madubi.

"Alkawari."

"Ina sane."

Tun daga tsakar gida zuciyarta ta kwanta. Bishiyar lemun tsami a tsakiya, inuwarta ta rufe rabin filin. Ɗaki uku da falo, baranda mai faɗi, kicin mai taga babba wadda mai girki za ta riƙa ganin duk wanda ya shigo. Kafin su gama zaga falon, Auta ta riga ta rataya labule a zuciyarta, ta ajiye kujeru, har ta zaɓi kusurwar da Baba zai zauna in ya zo.

Mai Famfo yana biye da su, hannaye a aljihu, haƙora a datse. Suka wuce wani kan famfo da aka ɗaure da tsumma, ya kau da kai kamar ya ga abin kunya. Suka wuce tanki mai gansakuka, ya haɗiye yawu. Duk abin da aka nuna masa sai ya ce, "Madalla."

"Angon namu ba ya magana ne?" in ji Malama.

"Kunya ce da shi, Malama," in ji Auta.

Gwaggo ta danne dariya har ta ƙware, sai da aka kawo mata ruwa.

Ɗakin ƙarshe shi ne na Malama, gadonta a jikin bangon baya, gefensa wani ƙaton kabad na kaya da ya tare rabin taga. Nan Mai Famfo ya tsaya. Ya karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa. Ya kalli bangon, ya kalli sauran ukun. Ya ɗan buga tayil da dunduniyar takalmi sau biyu. Auta ta watsa masa wani kallo. Ya buɗe baki, ya rufe, ya juya ya fita tsakar gida.

A baranda aka yi magana, kuma ba ta ɗauki minti goma ba. Abin da Malama ta faɗa bai wuce ƙarfinsu ba, ko tayi ba a yi ba. "Tun da ba la'adar kowa a ciki, me zan ƙara muku?" in ji ta. "Gobe ku zo da lauyanku, takarduna suna nan a jere. Na fi so in bar gidan nan a hannun masu gaisuwa."

Auta ta durƙusa ta yi godiya. Suka fito. Tana ji kamar ta yi guɗa a tsakiyar titi.

"Injiniya! Ka ga? Ka ga amfanin shiru? Gobe takarda, jibi Baba!"

Bai buɗe motar ba. Ya tsaya ya dafa ƙofarta, kansa a ƙasa.

"Likita, ba za mu sayi gidan nan ba."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. "Me ka ce?"

"Da na fita tsakar gida na duba mitar ruwa. Duk famfunan gidan a rufe suke, amma mita tana gudu. Bututu ya fashe a ƙarƙashin ɗakin nan na baya, kuma ba yau ba. Tayil ɗin da na taka, ƙarƙashinsa rami ne. Bango ɗaya kaɗai aka yi wa sabon fenti. Kuma ba mai hankalin da zai toshe tagarsa da kabad sai in akwai abin da ake rufewa. Bangon nan a kan taɓo yake tsaye."

"To ba sana'arka ba ce? Mu saya ka gyara!"

"Bututu zan iya gyarawa. Wannan sai an rushe ɓangaren gaba ɗaya an sake tushe. In na sayi gidan, ba abin da zai rage a hannuna da zan yi wannan aikin."

"Mu rufe ɗakin! Ɗaki biyu ai sun ishe mu. Ni ko a kicin zan kwana!"

"Rufinsu ɗaya. In ya tafi, da falon zai tafi." Ya ɗago ya kalle ta. "Kuma tsohuwar nan kanta a jikin bangon take sa shi ta kwanta. Sai na koma na gaya mata."

Auta ta dafe ƙirji. "Ka yi mini alkawari."

"Na yi, kuma na cika. Ban yi magana a ciki ba. Wallahi ban taɓa shan wahala irin ta minti talatin ɗin nan ba. Amma yanzu mun fito."

"To ka bari sai an sa hannu. Kwana ɗaya tak. Gobe a ba mu takarda, jibi ka kai wa Baba, gata ka zo ka faɗa mata duk abin da kake so, ka rushe gidan ma in ka ga dama!"

"In ɗauki takardar abin da na san ruɓaɓɓe ne, in durƙusa a gaban Baba in ce ga inda zan ajiye 'yarka? Gida ya ce in nemo."

"Takarda ya ce! Ina bayan labule, da kunnena na ji. Takarda ya ce!"

Sai kuka ya ƙwace mata. Ba ta damu da masu wucewa ba, ba ta damu da mai kantin da ya leƙo ba.

"Ka san abin da nake sha a gidan nan kuwa? Kullum na dawo sai Yaya ya ce, ya aka ji da yawon bututu? Umma ta daina yi mini magana sai da ido. Baba ya rataya kalanda a falo, kullum da safe sai ya soke rana ɗaya a gabana. Yau mutumin nan ya zo har wajen aikina yana yi mini tayin gidaje kamar tayin atamfa. Duk na shanye. Rana ta dafa ni, an kore ni daga gidajen mutane kamar ɓarauniya, na shanye, saboda kai. Yau Allah ya kawo mana gida har hannu, matar ta so mu, ba dillali, ba ja-in-ja, kai kuma ka ce mita tana gudu. Ni ina ruwana da mita? Ni ce zan tafi, Injiniya. Jibi ni za a ba wani. Ba ka ganin wannan? Duk ɗigon ruwan da ke garin nan kana jin sa, ni kaɗai ce ba ka ji!"

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Ya ce, "Ina jin ki. Wallahi ina jin ki fiye da yadda kike zato. Kwana talatin da takwas ban yi barcin kirki ba. Amma in na kai ki ƙarƙashin bangon nan da hannuna, ina sane, to me ya raba ni da wanda ya watso kayan yayarki titi? Shi ai a waje ya bar ta, da ranta."

"Ba abin da zai faru cikin kwana biyu!"

"Wataƙila. Wataƙila ma shekara. Ban sani ba. Shi ya sa ba zan iya tafiya gida in bar ta ta kwanta a wurin ba."

Ya zaga bayan motar ya buɗe, ya ɗauko tocila da ƙaramar guduma.

"Injiniya," ta ce. "In ka koma cikin gidan nan, kada ka ƙara taka ƙofar gidanmu."

Ya tsaya cak. Ta ga kafaɗunsa sun sauka. Ta ɗauka zai juyo. Sai ta ji ya ƙwanƙwasa ƙofar yana sallama.

Ta jingina da motar tana shessheka. Gwaggo ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "To Auta, kin faɗi magana. Ko dai mu tari mota mu tafi gida a kan maganarki, ko ki shiga ki janye ta da bakinki. Ni dai ƙafafuna sun gaji da tsayuwa."

"Gwaggo, ya kashe ni."

"Ni auren fari na, mai daɗin baki na aura. Shekara shida ban taɓa jin magana marar daɗi daga bakinsa ba, kuma ban taɓa jin ta gaskiya ba. Ban ce ki yi komai ba. Labari na ba ki."

Daga cikin gidan suka ji ƙarar ana jan abu mai nauyi a kan tayil, ya tsaya, aka sake ja. Auta ta goge fuskarta ta shiga.

Ta same shi yana kokawa da kabad ɗin shi kaɗai, Malama tana tsaye ta riƙe haɓa. Ta ajiye jakarta a kan gado ta kama ɗaya gefen, suka ja tare.

A bayan kabad ɗin fentin ya kumbura ya yi baƙi. Mai Famfo ya danna da babban yatsa, filasta ta zubo kamar jiƙaƙƙen gari. Ya ɗan ƙwanƙwasa da guduma, wani ɓangare ya ɓallo, sai ga tsaga tun daga ƙasa har kusa da silin. Ya zura hannunsa ciki har wuyan hannu, ya fito da shi jage-jage da laka.

Malama ta zauna a bakin gado tana salati.

"Yaran dillalan nan ne suka yi fentin," ta ce can. "Suka ce ado ne, don gidan ya yi kyan gani. Su suka matso da kabad ɗin nan, suka ce ya fi tsari. Ni da gwiwar nan ina zan iya motsa shi? Wata uku ina kwana a nan." Ta kalli Auta, hawaye a idonta. "'Yata, ki yafe mini. Ba zan sayar muku ba. Ba zan sayar wa kowa ba sai ɗana ya zo an rushe an gyara, ko wata nawa zai ɗauka. In sa amarya a ƙarƙashin wannan? Da wane ido zan kalli uwarki?"

"Yau kada ki kwana a nan, Malama," in ji Mai Famfo. "Bari in rufe ruwan daga waje, in mayar miki da gadon ɗakin gaba."

Auta ta fito tsakar gida ta tsaya a ƙarƙashin lemun. Gidan ya tafi, kuma ta san ba wani da za a samu kafin jibi. Haushi ne ya cika ta, na Ciyaman, na Yaya, na kalanda, har da na kanta. Da ta bari zuciyarta ta huce, da ta jira ta isa gida ta sa Gwaggo a gaba a yi maganar cikin lalama. Ba ta jira ba. Ta ciro waya ta kira Baba.

"Baba, ba mu sami gida ba. Kuma ba za mu samu kafin jibi ba."

"To," in ji Baba. "Sai a jira jibin."

"Ba sai an jira ba. Yau ya sami gida, an yarda za a sayar masa, shiru kawai zai yi ya karɓi takarda ya kawo maka. Ni na ce ya yi shirun. Ya ƙi, saboda bangon zai iya faɗowa a kaina. Wanda kake jira kuwa, mutanensa ne suka shafe bangon da fenti. Baba, kai takarda kake so ko 'yarka? Ni shi nake so. Ko haya ce, ko ɗaki ɗaya ne. Ba zan auri kowa ba in ba shi ba, ko za ka soke kalandar duniya!"

Sai da maganar ta fita ta ji ƙarfin muryarta. Ba ta taɓa ɗaga wa Baba murya ba tun da aka haife ta. Gwaggo, da ta shigo a daidai lokacin, ta ɗora hannu a ka.



"Yana kusa?" in ji Baba. "Ba shi."

Mai Famfo ya fito, hannayensa duk laka, don haka ita ta kara masa wayar a kunne. Ta zuba wa fuskarsa ido.

"Na'am, Baba. Barka da yamma, Baba." Ya saurara. "Haka ne, Baba." Ya sake saurarawa, idonsa ya sauka ƙasa. "Na ji, Baba. To. In sha Allahu."

Ta janye wayar, ta ga an riga an kashe.

"Me ya ce?"

Ya tafi wajen bokiti ya fara wanke hannu, yana cuɗa yatsu ɗaya bayan ɗaya kamar laka ba za ta fita ba.

"Injiniya, don Allah me ya ce?"

"Ya ce na kyauta da na gaya wa tsohuwar. Ya ce Allah ya saka." Ya yarfe ruwan hannunsa. "Ya ce amma 'yarsa ba ta san ɗaga murya ba sai da ta fara bin motata. Ya ce kwana biyun da suka rage ya janye su. In kai ki gida yanzu, in sauke ki a bakin layi, kada in ƙaraso ƙofa."

Auta ta nemi kuka ta rasa.

Sai da ya rufe ruwan ya mayar da gadon, kamar yadda ya ce. Malama ta rako su har ƙofa tana sa musu albarka, Gwaggo tana amsawa. Suka shiga mota. Bututu da ƙarafan baya suna ta ƙara.

Sun kusa fita daga unguwar sai ga wani gida mai shuɗiyar ƙofa a hannun dama, an rataya masa kwali da rubutun hannu: GIDAN SAYARWA, BA DILLALI. Ƙafarsa ta sauka daga kan totur da kanta, yadda ta saba mako biyar. Motar ta rage gudu har ta kusa tsayawa. Ya kalli kwalin, ya kalli madubi, idonsu ya haɗu.

Ya mayar da kansa kan titi, ya taka mota suka wuce.